Suna Na Uku A Kan Dutsen Baba

Kun sha tambayata abin da ya hana ni barin Port Marlow tunda kullum ƙorafinsa nake yi. Wata ma ta rubuto min cewa, "Corliss, ƙafa aka ɗaure miki ne?" To 'yar'uwa, gyara zama, yau za ki ji. In kun ga ina tsallake magana ku yi min uzuri, don har yanzu raina bai dawo daidai ba.

Waɗanda yau suka shigo, sunana Corliss Whitlow. Ni ce auta a gidanmu, ni ce kuma wadda ta rage. Yayana Purvis yana Houston, yayata Nedra tana Atlanta, ƙawayen da muka yi makaranta tare duk sun watse, sai dai in ga hotunan 'ya'yansu a waya in yaba. Aikina zagayawa da baƙi. Manyan motoci sukan sauke min tsofaffi masu huluna a tsohuwar tashar jirgin ƙasa, in ja su zuwa kotun da agogonta ya tsaya tun kafin a haifi Mama, da gidajen nan masu fararen ginshiƙai da kakanninmu suka gina wa wasu, da bakin gaɓa inda ake kallon kogi. Su yi ta cewa kai, garin nan akwai kwanciyar hankali, ina ma su ke zaune a nan. Ni dai murmushi nake yi. Da la'asar motarsu ta tashi, in tsaya ina ɗaga hannu har ta sha kwana, sannan in kulle tasha in taka zuwa gida. Mai yi min sannu da aiki a hanya bai wuce karen gidan mai ba.

Lemuel Prather direban ɗaya daga cikin motocin nan ne, daga Detroit yake kwaso mutanen coci. Bara na tarar da shi zaune a matakalar motarsa yana fifita da hula, zafi ya gama da shi, na kai masa shayi mai ƙanƙara. Tausayi ne kawai, Allah shi ne shaida.

"Kai ba ka shiga zagayen?" na tambaye shi.

"Ni? Baiwar Allah, babu garin tarihin da ban je ba a kudancin ƙasar nan, amma wurin ajiye motarsu kaɗai na sani. Naku ya fi na kowa inuwa."

Na yi dariyar da na manta ina da irinta. Daga nan sai saƙonni. Ya turo min hoton dusar ƙanƙara a kan gilashin motarsa, in tura masa hoton tarwaɗar da Mama ta soya, ya ce zalunci ne wannan. A hankali a hankali magana ta yi nauyi, har ranar da ya rubuto abin da na haddace kamar karatun coci: "Ƙanwata tana da ɗaki, za ki zauna wurinta ki ga gari, ki ga mutanena. Amma kar ki ɗauka yawon buɗe ido nake gayyatarki, Corliss. Aure nake nufi." Ban ba shi amsa ba. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, na yi ta tura masa hotunan kogi kamar wata marar kai.

Dalili kuwa Mama ce. Tun da Baba ya rasu bara, daga ni sai ita a gidan katakon nan mai dogon zaure. Kujerar Baba tana nan a falo da mayafin saƙa a kanta, ba mai zama. Mama ba ta taɓa ce min kar ki tafi ba, ba halinta ba ne. Sai dai tana zuba min wake a faranti ta ce, "An ce sanyin Detroit har haƙori yake fasawa." Ko tana kallon labarai ta ce, "Ka ji su can, kullum harbi." Purvis kuwa in ya kira, kafin ya ajiye sai ya ce, "Ai gara da kina nan, Auta, hankalinmu kwance." Nedra ma haka. Hankalinsu kwance, a kan bayana.

To ranar Asabar da safe saƙon Lemuel ya shigo ina goge baki.

"Mun tsallako iyakar jiharku. Yau ba zan zauna a mota ba, zan shiga zagayenki. Ki tanadi labari mai daɗi."

Na kira Anti Dovie, ƙanwar Mama, na ce ta zo da matajinta na ƙarfe. Anti Dovie ta binne maza uku, kuma ta ce har yanzu kunnenta a buɗe yake in akwai na huɗu. Ta zaunar da ni a kicin kusa da murhu, ta ɗora mataji a wuta, ƙaurin mai da gashi ya cika ɗakin.

"Riƙe kunnenki. Wannan duk don tsofaffin Detroit ake yi?"

"Aiki ne, Anti."

"Aiki! Ni ma irin aikin na yi har na samu Clement, Allah ya ji ƙansa. Direban nan yana da haƙoransa duka?"

"Anti!"

"Tambaya ce. A shekaruna ita ake fara yi. Earline, kin ji 'yarki za ta yi mana abin kai?"

Mama tana bakin famfo tana wanke ganye, ta ba mu baya. Ba ta juyo ba. Ta ce, "Ki yi a hankali kar ki ƙona mata wuya," ta ci gaba da wanke ganyen da tuni ya fita.

Na sa rigata ruwan ƙwai mai ƙananan maɓallai har ƙasa, wadda na saya don bikin wata ƙawa aka fasa bikin. Na sa ɗan kunnen lu'ulu'un kakata, da takalmi fari mai ɗan tudu da na san zai ci min ƙafa kafin azahar. A ƙirji na maƙala ɗan allon sunana na wurin aiki. Da zan fita Mama ta dube ni daga sama har ƙasa, ta gyara min wuyan riga, ta ce, "Kin yi kyau." Yadda ta faɗa, sai ka ce gaisuwar mutuwa take yi min.

Motar ta iso, tsofaffi suka yi ta sauka ɗaya bayan ɗaya, Lemuel yana tsaye a ƙofa yana ba kowace hannu. Farar riga ya sa, guga har tana ɗaukar ido, ga laktaye a cikin zafin nan. Ya dube ni ya cire hula.

"Mis Whitlow."

"Mista Prather. Ina fata ka zo da ƙafafunka, tafiya ce."

Wata tsohuwa mai sanda, Sista Ozella, ta dube shi ta dube ni, ta ce wa ta kusa da ita da ƙarfi, don ba ta ji sosai, "Ashe shi ya sa ya ƙi tsayawa mu yi fitsari a Memphis." Mota guda ta fashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma tsakani da Allah daɗi na ji. Na daɗe ba a tsokane ni da wani ba.

Ban taɓa yin zagaye kamar na ranar ba. Maganar da na maimaita har ta zama min kamar tuwon jiya, sai ga ta ta yi sabon ɗanɗano don akwai mai saurare. A kotu ya tambayi dalilin da ya sa ba a gyara agogon ba, na ce in aka gyara me za mu nuna wa baƙi? A kantin maganin tsoho Delacroix, inda ake sayar da kayan sanyi ma, ya saya wa kowa askirim, ya ce nawa a ƙara cokali. A bakin gaɓa ya tsaya kusa da ni har hannun rigarsa yana taɓa nawa, muka kalli wani jirgin dakon kaya yana jan jiki a kogi.

Daga nan maƙabartar kan tudu ake zuwa, ta Turawa, mai mala'ikun farin dutse. Nan zagaye yake ƙarewa. Sai Sista Ozella ta buga sandarta a ƙasa.

"'Yata, ni ba waɗannan na zo gani ba. Kakata a maƙabartar Mount Nebo take, ta baƙar fata, bayan cocinku. Ko ba a kai baƙi can?"

"Ana kaiwa mana, Sista. Ni nake kaiwa."

Gaskiya na daɗe ban shiga ba. Ba na son ganin tudun jar ƙasar da ke kan Baba, kuma Mama ta ce in bar mata maganar dutsen kabari, ita za ta ji da shi in ƙasa ta gama kwantawa. Na bar mata, har ina jin daɗin an ɗauke min nauyi.

Muka shiga ƙarƙashin manyan bishiyoyin nan masu reto da gemu. Tsofaffi suka bazu suna karanta sunaye, Sista Ozella ta sami kakarta ta fara waƙar coci a hankali. Lemuel ya matso ya rage murya.

"Ki kai ni in gaida Babanki. Bai kamata in yi maganar da nake son yi ba ban fara zuwa wurinsa ba."

'Yan'uwa, a nan ne zuciyata ta ba da amsar da bakina ya kasa. Na ce a raina shi ke nan, yau zan ce masa e, Mama kuma sai mu san yadda za mu yi. Na shige gaba yana bina, takalmin yana cin ƙafata ban ma ji ba.

Daga nesa na ga babu tudun jar ƙasa. An dasa ciyawa, an kafa dutse, dogo, ruwan toka, yana sheƙi. Na ce, "La, ashe ya iso!" har ina ɗan sauri.

Sunan Baba yana hagu da shekarunsa biyu, ta zuwa da ta tafiya. Na Mama yana tsakiya, shekarar haihuwa da ɗan layi, gaba babu komai. Wannan ba sabon abu ba ne, rabin matan cocinmu sunayensu suna nan suna jiransu kusa da mazajensu, har fure suke kai wa kansu. Amma dutsen bai ƙare a nan ba. A dama akwai suna na uku. Corliss Ann Whitlow. Shekarar haihuwata, ɗan layi, fili. A ƙasa kuma an sassaƙa da ƙananan haruffa: Ba ta taɓa barin mu ba.

Na san irin wannan dutsen. Akwai na Mis Velma mai kaɗa molo a coci, wadda ta yi jinyar iyayenta har ta tsufa ta bi su. Muna yara mukan wuce ta wurin mu ce Allah sarki.

Wata tsohuwa ta iso bayanmu tana haki. Ta karanta dutsen ta ce, "Wayyo, yarinya ƙarama. 'Yar'uwarki ce?" Sai idonta ya sauka a kan allon ƙirjina. Ta dubi dutse, ta dubi allo, ta rufe baki da hannu, ta juya ta tafi a hankali.

Lemuel yana riƙe da hularsa a ƙirji. Ya daɗe yana kallon rubutun, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ashe kin riga kin ba da amsa. Da kin faɗa min a waya, da ban sa laktaye ba."

"Lemuel, na rantse ban sani ba. Yau na fara ganinsa."

"Sunanki ne fa, Corliss. A dutse. A garinku."

"Na ce maka ban sani ba!"

Ya dube ni. Ban ga fushi a idonsa ba, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Ya ce, "To ko ba ki sani ba, akwai wanda ya san ki har haka." Ya ɗan sunkuyar da kai wajen sunan Baba, ya mayar da hularsa, ya ce zai je ya kunna wa tsofaffi sanyin mota.

Kun san abin da na yi? Na ƙarasa zagayen. Na tattara baƙina, na nuna musu ƙararrawar coci, na faɗa musu inda za su ci tarwaɗa da burodin masara, na ba da labarin ambaliyar da ta kai ruwa har tagar banki, har an yi dariya a inda aka saba yi. Murmushina bai goce ba. Ina magana ina jin kamar wata ce take yi, ni kuma ina can kwance a hannun daman Mama. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan awar ba, ga mutane kewaye da ni suna ce min na iya aiki.

Motar ta kai su masauki. Bai ɗaga min hannu ba, ko kuma ya ɗaga ban gani ba, don ban tsaya ba. Na cire takalmi na riƙe a hannu na taka zuwa gida. Ina shan kwanar layinmu waya ta yi ƙara, saƙon Lemuel ne.

"Gobe da safe za mu tashi. Ban kyauta ba da na tafi na bar ki tsaye. Zan zo kafin rana ta faɗi in ji daga bakinki, ko mene ne."

Mama tana kicin tana ɓare wake a cikin kwanon silba, fanka tana juyawa a kanta. Ta ga takalmi a hannuna, ta ga fuskata. Ba ta tambayi komai ba.

"Na je Mount Nebo," na ce.

"To."

"To? Mama, to kawai?"

"Dutsen ya yi kyau ai. Mutumin ya iya aikinsa."

"Da raina, Mama! Ina tafiya da ƙafafuna, a gaban baƙi, wata tana yi min ta'aziyyar kaina!"

Ta ajiye waken da ke hannunta. "Rage murya, akwai maƙwabta. Ni ma da raina, ga sunana can. Purvis yana da matarsa, Nedra tana da mijinta, kowa ya san inda zai kwanta. Ke fa? In na tafi wa zai tuna ya ajiye miki wuri? Su Purvis? Waɗanda ko ranar share kaburbura ba sa zuwa? Ban so ki kwanta ke kaɗai a bakin shinge, shi ke nan laifina."

Ta faɗa da taushi har na kusa yarda. Na kusa durƙusawa in ce Mama yi haƙuri, kamar yadda na saba. Sai wata tambaya ta faɗo min a rai.

"Yaushe kika ba da aikin?"

Fanka tana ta juyawa.

"Mama, yaushe?"

"Bayan bikin Ista."

"Bayan Ista ai kin riga kin san da Lemuel."

Ta ɗauki wake ɗaya ta ɓare, ya zube ƙasa, ba ta sunkuya ba. "Na ji ki kina dariya a banɗaki da waya," ta ce. "Tun da Babanki ya tafi ban ji wannan dariyar ba. Nedra ma da irinta ta fara."

Na tsaya ina kallonta, matar da ke zama a layin gaba a coci da farar hula, wadda ta taɓa mayar da ni kanti da ƙafa don an ba ni alewa ɗaya fiye da ƙima. Na juya na bar kicin ɗin. Na shige ɗakina na wanke fuska, gashin da Anti Dovie ta sha wahala a kai duk ya tashi. Na zauna a bakin gado da rigata ruwan ƙwai, ƙafafuna sun yi bororo, ina kallon hasken yamma yana ja da baya a jikin labule.

Ba hon ya yi ba, uwarsa ta yi masa tarbiyya. Takunsa na ji a matakalar baranda, sannan ƙwanƙwasa a jikin katako, a hankali. Kafin in miƙe Mama ta riga ni. Na ji silifas ɗinta a zaure har bakin ƙofar raga.

"Barka da yamma, ranki ya daɗe. Lemuel Prather ne. Mis Earline ko?"

"Ni ce."

"Na zo wurin Corliss ne, in kin ba ni izini."

Na fito zaure ba takalmi. Ina hango shi ta cikin raga, hula a hannu, laktayen yana nan har yanzu, a ɗaya hannun kuma furanni ne irin na kantin kan hanya. Shi ba ya ganina don cikin gida ya yi duhu. Mama ta cika ƙofar da bayanta.

"Ba ta nan, ɗana," ta ce. "Ta tafi wurin ƙanwata, ban san lokacin dawowarta ba. Ka sauka lafiya."

Ya dubi furannin, ya sunkuya zai ajiye su a kan lilon baranda.

Ban san lokacin da na iso ƙofar ba. Na miƙa hannu ta gefen Mama na dafa mariƙin, sai ta cafke min wuyan hannu. Na ɗauka riƙon da na sani ne tun ina yarinya, mai cewa kar ki kuskura. Ba shi ba ne. Hannun sanyi ƙalau, kuma babu wani ƙarfi a cikinsa, fizga ɗaya zan ƙwace. Ba ta dube ni ba. Bakinta ne kawai ya motsa, can ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Auta, tsoron gidan nan nake ji."

A waje Lemuel ya ɗago kai, ya matso da fuskarsa jikin raga yana ƙoƙarin gane inuwar da ke bayan Mama.

"Corliss? Ke ce?"